Hayaƙi a Aljihun Farar Shadda

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta farkon damina ba, ko da kuwa na so, domin rigar da na sa a ranar tana nan rataye a bayan ƙofar ɗakina, kuma uwargida ta hana a bayar da ita.

A lokacin ina akawu a wani ƙaramin ofishin aikin gona a wajen Mai'adua (ba zan faɗi sunansa ba, waɗanda suka sani sun sani, kuma sun yi dariyarsu sun gaji). Aikinmu raba wa manoma iri da taki. Kullum da safe in hau babur daga Daura, da la'asar in dawo. Shekarun farko ne bayan zuwan Shari'a, lokacin da kowa ya shiga duba kansa. Gemu ya tsiro a fuskokin da ba a taɓa zato ba, wanduna suka ɗage, duk tashar da ka murɗa a rediyo wa'azi ake yi.

A ofis Ustazu suke kira na. Ba karatu ne ya jawo mini sunan ba. Ina da ɗan gemu, ba na yawan magana, kuma sau da yawa za a gan ni na zuba wa taga ido na yi shiru, sai mutane su ɗauka zikiri nake yi a zuci. Gaskiyar magana, mafarki nake yi ido biyu. Tun ina yaro haka nake. Kuma tun ina sakandare na gano cewa mafarkin ya fi daɗi idan akwai karan taba tsakanin yatsu biyu.

Kara uku a rana, a ɓoye. Ba ɗanɗanonta ne ya dame ni ba, don ni kaina na san ɗaci gare ta. Hayaƙin nake so. In na zuƙa na busa, sai in bi shi da kallo yana tashi a hankali, iska ta kaɗa shi arewa, ya nufi iyaka. Daga nan sai in ga kaina na bi shi. Na wuce Damagaram, na isa Agadas, ina zaune a kan wani farin raƙumi da rawani har hanci, bayana ayari ne wanda ba a ganin ƙarshensa, kuma duk nawa ne. Kafin karan ya ƙare na sayar da gishiri, na gina gidan sama, na kai mahaifiyata Makka. Sai wuta ta iso yatsana in farka, in koma kan fayil ɗin taki.

Abin da ya rufa mini asiri shekara da shekaru shi ne abokan aikina. Ofishinmu ɗaki biyu ne, kuma mutum huɗu cikin bakwai mashaya taba ne na fili, babbansu Ɗanjuma direba, wanda ko gaisuwa zai yi maka sai hayaƙi ya riga sallamarsa isowa. Silin ɗin ofis har ya koma ruwan ƙasa. Saboda haka duk ranar da na koma gida, uwargida ta karɓi rigata ta shinshina, sai ta girgiza kai ta ce, "Mutanen ofishin nan naku dai, Allah Ya shirye su." Ni kuma in amsa da "Amin" mai ƙarfi, har da ɗan tsaki na takaici.

A nan sai na faɗa muku abin da ya sa maganar ba ta wasa ba ce. Mahaifin matata, Allah Ya jiƙansa, taba ce ta kwantar da shi. Tari ya yi na wajen shekara biyu kafin ya rasu, tana budurwa, kuma ita ta yi jinyarsa. Da na je neman aurenta, ƙanen mahaifin nata, Alhaji Lawal, shi ne waliyyi. Bai tambaye ni albashina ba, bai tambayi ko ina da gida ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, abu ɗaya zan tambaye ka. Kana shan taba?"

Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Baffa." (Akwai kanumfari uku a bakina a daidai wannan lokacin.)

A kan wannan "a'a" aka ɗaura aure. A kanta aka haifi Hafsatu, aka haifi ƙanenta. Shekara bakwai ina zaune a kanta kamar mai zama a kan kujera mai ƙafa uku, kullum ina jiran ranar da za ta kife da ni. Abin da nake tsoro a duniya shi ne matata ta sani.

Sai ga shi wata rana an kawo mana sabon shugaba a ofis. Ina ɗaga kai daga tebur na ga Alhaji Lawal a bakin ƙofa, yana toshe hanci da gefen rigarsa.

Bai cika mako ba ya kafa doka: daga yau ba mai ƙara shan taba a ofis, ko a baranda, ko a cikin motar aiki, ko a ko'ina cikin harabar. Ya sa aka shafe silin da farar ƙasa. Sannan ya waiwayo ya ce, "Ustazu, kai ne ba ka cikin wannan ƙazanta, kai za ka sa ido. Kuma rubutunka na da kyau, ka rubuta mana sanarwa." Haka na zauna da alƙalami na rubuta AN HANA SHAN TABA A NAN har kwafi goma, da hannun da ke warin abin da ake hanawa. Na manna takwas, na ajiye biyu ko za a buƙata.

Abin da dokar ta yi wa mutane ya ba ni mamaki. Makon farko ofis ya zama gidan masifa, kowa fuska a ɗaure, ana faɗa a kan biro. Mai kula da sito ya koma cin goro, har ya zama in yana magana sai ka ja da baya. Wani ya daina gaba ɗaya cikin wata guda, kuma nan take ya zama mai wa'azi, yana bin waɗanda jiya-jiya yake roƙon ashana a wurinsu yana ce musu su ji tsoron Allah. Ɗanjuma kuwa ya auna harabar da ƙafa, ya gano inda katanga ta ƙare, ya kafa benci taku ɗaya a wajenta. Nan yake zama ya busa abinsa yana gaida Alhaji da ladabi in ya zo wucewa. Amma tafiyar na da ɗan nisa kuma rana na da zafi, sai ga kwalin da yake shanyewa a yini yana kai masa kwana uku. Shi da kansa ya ce mini, "Ustazu, surukin nan naka mugu ne. Bai hana ni sha ba, ya dai sa na fara jin ƙyuya."

Kowa dai ya samu yadda ya yi, ban da ni. Ni dokar ta kwashe mini mafaka. Ofis ya yi fes, ba sauran hayaƙin da zan laɓe a cikinsa. In na koma gida da wari, wa zan ce? Ba kuma zan iya zama a bencin Ɗanjuma ba, ni da nake mai sa ido.

Sai na ƙirƙiro tawa hanyar. A bayan sito akwai wani lungu da bishiyar darbejiya, inda ba mai zuwa sai awaki. In an yi sallar azahar kowa ya kishingiɗa, sai in ɗauki buta kamar mai zagayawa. In cire riga da hula in rataye su a reshe, can ta inda iska ke fitowa. In tsaya daga ni sai singileti, in sha kara ɗaya tak, in tafi Agadas in dawo. Sannan in binne guntun, in wanke hannu da baki da gemu, in tauna kanumfari, in mayar da riga, in fito da fuskar mutanen kirki. Daga kara uku na koma ɗaya. Har na fara yabon kaina, ina cewa ai ni ma dokar ta gyara ni.

Ranar Larabar da nake ba ku labari, ranar fara rabon iri ce. An gayyaci masu unguwanni da manyan manoma daga ƙauyukan kewaye, kuma Alhaji ya ce ni zan karanta jawabin maraba. Uwargida ta fito mini da farar shaddata ta aure, ta sa mata sitati, aka buge ta har tana ɗaukar ido. Da kanta ta gyara mini hannayen rigar a kafaɗa, ta ja da baya ta dube ni ta ce, "Baban Hafsatu, yau kam ko gwamna." Na ninke jawabina na sa a babban aljihun ƙirji, tare da sauran sanarwar nan biyu, don Alhaji ya ce a manna su a rumfar taro.

An yi ruwa da asuba, garin ya yi luf. Ƙasa na ƙamshi, gajimare na tafiya a hankali, irin yanayin da ke sa mutum kamar ni ya kasa zama a cikin jikinsa. Baƙi ba za su iso ba sai ƙarfe goma sha ɗaya, ga kuma gabana na faɗuwa saboda jawabi. Na ce bari in je in yi zuƙa biyu kawai. Da na isa gindin darbejiya na kai hannu zan cire riga, sai na tuna yadda aka gyara mini ita, na san ko zan kwana ina yi ba zan iya mayar da ita haka ba. Na ce yau ɗaya dai, iska ma tana da kyau. Na kunna.

Na tuna sarai inda na kai. Ayarina ya sauka a bakin wata rijiya mai dabino, ana shimfiɗa mini darduma, wani yana zuba mini shayi daga sama. Ban ji ƙarar mota ba, ban ji takun mutane ba. Ashe ruwan asuba ya ɓata hanyar gaba, Ɗanjuma ya zagayo da baƙi ta ƙofar baya, kuma Alhaji ya ce tunda ga sito nan, a fara nuna musu irin. Sallama kawai na ji a bayana.

Na juyo. Mutum sun fi ashirin, dattawa da rawuna da sanduna, Alhaji Lawal a gaba, kusa da shi Malam Ɗahiru limamin masallacinmu. Duk wanda ya taɓa shan taba a ɓoye ya san abin da hannu ke yi da kansa a irin wannan lokaci. Karan ya shige cikin tafin hannuna na hagu, hannun ya shige ƙarƙashin riga. Hayaƙin da ke bakina kuwa na haɗiye shi, har idona ya kawo ruwa.

"Ga Ustazu ma ya riga mu," in ji Alhaji, yana murmushi. "Wannan ɗana ne, shi ke riƙe mana da ofis."

Na rusuna na gaida su ɗaya bayan ɗaya da hannun dama, na dafe ƙirji da na hagu ta cikin riga, abin ya yi kama da tsantsar ladabi. Har na fara jin zan tsira. Sai wani dattijo ya ce, "Tunda ga mu a bakin iri, ai sai Malam ya sa mana albarka kafin a buɗe."

Kowa ya ɗaga hannu biyu.

To, ba a yin addu'a da hannu ɗaya a gaban suruki. Ba kuma a yar da abu mai hayaƙi a tsakiyar dattawa ashirin da duk kansu ke sunkuye suna kallon ƙasa. Cikin ƙiftawar ido na murje kan karan da yatsa, na ji zafi, na tabbatar wa kaina ya mutu, na zaro hannu kamar mai gyara riga na saki karan cikin aljihu. Na buɗe tafuka biyu fes, na ce amin.

Ga wanda bai san Malam Ɗahiru ba, mutum ne da in ya rufe ido ya fara addu'a, ba ya buɗewa sai ya zagaye duniya. Ya fara da gero. Ya yi wa dawa, ya yi wa wake da gyaɗa. Ya roƙi ruwa mai albarka, ba mai rushe gidaje ba. Muryarsa na da sanyi, tana hawa tana sauka, iska na kaɗa ganyen darbejiya, ɗigon ruwan da ya rage yana faɗo mana a tafin hannu. Kuma wallahi, kunyar faɗa nake ji, amma na sake tafiya. Na koma bakin rijiyar nan. Na ji wani ɗumi mai daɗi a ƙirjina, na ce a raina, ashe haka addu'ar bayin Allah take ratsa mutum.

Abin da ya dawo da ni shi ne sautin amin. Ya canza. Da farko a hankali ake amsawa, yanzu kuwa ana jero shi da sauri, amin-amin-amin, kamar ana kora akuya. Na buɗe ido ɗaya. Duk dattawan nan hannayensu na sama, bakinsu na amin, idanunsu kuwa na kan ƙirjina. Na duba. Wani siririn hayaƙi ne ke fitowa daga bakin aljihuna, yana bi ta gemuna, yana tashi sama abinsa cikin natsuwa. Ko a lokacin sai da na lura arewa ya nufa.

Ba wanda zai katse addu'a. Ba a yi. Dabarar da ta rage wa mutane ita ce su hanzarta amin ko Malam ya gane ya taƙaita. Shi kuwa Malam, ido a rufe, da ya ji jama'a sun ɗauki zafi haka, sai ya ɗauka addu'ar ce ta shige su. Ya ƙara murya. Ya shiga yi wa shugabanni, ya dawo kan matasa, ya ce, "Allah Ka raba 'ya'yanmu da shaye-shaye." Amin ɗin da aka yi a nan, na tabbata an ji shi a cikin kasuwa.

Ni ma hannuna na sama. Na kasa saukewa. Wani baƙin tabo ya bayyana a kan farar shadda, ya yi kamar kwabo, ya yi kamar bakin kofi, gefensa na ja. Ina kallonsa yana cin aikin da aka yi wata biyu ana yi da allura. Na dubi Alhaji. Shi kaɗai ne ba ya kallon ƙirjina, fuskata yake kallo.

Da Malam ya kai Fatiha aka shafa, ban kai ga sauke hannu ba Ɗanjuma ya ɗauki butar da na zo da ita ya juye mini a ƙirji. Ya zura hannu a aljihun ya zaro abin da ke ciki ya zubar a ƙasa: jawabin maraba rabinsa toka, guntun taba, da takarda guda da wuta ta ci gefenta amma rubutun na nan a fili, da kyakkyawan hannuna, AN HANA SHAN TABA A NAN.

Malam Ɗahiru ya buɗe ido ya ce, "Lafiya?"

Wani dattijo ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ɗanjuma ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ustazu, da ka faɗa mini, ai akwai wuri a benci."

Na so Alhaji ya yi faɗa. Da ya zage ni a gaban mutane da na fi samun sauƙi. Amma sai ya ce a buɗe sito, ya bar baƙi suka shige, ya tsaya daga ni sai shi.

"Ka ƙone?"

"A'a, Baffa."

"Wannan a'ar ta gaskiya ce?"

Na dubi ƙasa, ruwa na ɗiga daga gemuna.

"Hau babur ɗinka ka tafi gida," in ji shi. "Ka faɗa mata da bakinka, kafin wani ya riga ka."

Ban taɓa ganin hanyar Daura ta yi gajarta kamar ranar ba. Na yi ta rage gudu, amma sai ga ni a ƙofar gida. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi ramin da ke ƙirjina, ta dubi fuskata, ta ajiye tiren. Na tsuguna a gabanta, abin da ban taɓa yi ba, na faɗa mata komai, tun daga kanumfarin ranar neman aure har zuwa butar Ɗanjuma. Da na zo wurin amin sai da ta rufe baki da mayafi. Na ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce. Daga baya kuma ta zama kukan.

Da ta natsu ta ce, "Baban Hafsatu, ni nake wanke maka kaya. Mutanen ofis ba sa zuba garin taba a aljihun wani."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun makon farko."

"Kika yi shiru shekara bakwai?"

Ta ɗauki gefen rigar tana shafa wurin da ya ƙone. Ta ce, "In ka shigo da yamma, warin Baba kake yi. Sai in ji kamar shi ne ya dawo daga kasuwa. Na kasa hana ka, don ina so in riƙa ji. Kullum kuma in ka yi tari, sai tsoro ya kama ni, don na san yadda abin yake ƙarewa." Ta share ido. "Addu'ar da nake yi wa mutanen ofishinku, kai nake yi wa. Kai kuma kana ta amsawa."

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga ranar ban ƙara taɓawa ba, na yi ƙarya ta ishe ni. Sai da na yi wata huɗu a bencin Ɗanjuma, a fili, kowa na gani, sunan Ustazu ya bi ruwa (har na bar ofishin, Mai Hayaƙi ake ce mini). A fili kuwa abin ba ya daɗi. Ba ka isa ka je Agadas ba alhali masu wucewa na yi maka sannu. Wata rana na kunna, na tuna da tiren shinkafar nan, na kashe, kuma ban sake saye ba. Mafarkin bai bar ni ba. Ashe taga kaɗai ta ishe shi.

Na ce a kai rigar wurin maɗinki, uwargida ta ce a'a, a bar ta haka. Darasin da na koya, in kuna so, guda biyu ne. Na farko, kada ka yarda da wutar da ka kashe cikin gaggawa, musamman in Malam Ɗahiru ne zai yi addu'a. Na biyu, kafin ka wahalar da kanka wajen ɓoye wa mutum abu, ka fara tambaya ko shi ke wanke maka riga.